Ramin da Baba Ya Toshe

Motar Baba a-kori-kura ce. Inna ta ce fara ce lokacin da aka sayo ta, ni dai ban riski wannan zamani ba. Ta girme ni, ta girmi Yaya, kuma ina kyautata zaton ta girmi kwaltar da take hawa. In Baba ya tayar da ita da safe a ƙofar gidanmu a Sabon Gari, duk mai barci a Maraɗi sai ya farka, na Tibiri ma su juya kwanciya. Da ita yake ɗauko zogale da tattasai da albasa daga lambunan Jiratawa, ya sauke wa mata 'yan kasuwa a cikin gari, ranar da kaya suka yi yawa ya wuce da su Tibiri, garinsu. Da ita muka ci, da ita aka sa ni lakwal, wato makarantar boko.

Tun da na yi wayo motar nan take zubar da ruwa. Duk inda ta kwana sai ta bar shaida a ƙasa, kamar yaron da ya cika cikinsa da kunu ya kwanta. Baba bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ciwo ba, domin yana da magani. In lagireto, wato tankin ruwan da ke gaban inji, ya fara tsiyaya, sai ya aike ni madafa in ɗebo masa garin kuka. Ya zuba, ya tayar da inji, kuka ta kumbura ta liƙe wurin. Motarmu ta sha kuka fiye da duk mutanen gidan, tuwo ne kawai ba a tuƙa mata ba. Ranar da kuka ta gaza, a fasa mata ƙwai. Ni da nake 'yar gida sai na yi zazzaɓi ake fasa mini ƙwai. Ruwan da take sha kuwa duk wanda ya samu ne, na rijiya, na randa, na magudanar lambu a Jiratawa da yashinsa da 'yan kwaɗinsa. Baba cewa yake ruwa ruwa ne, rami kuma rami ne, ko a randa yake ko a rufin ɗaki ko a mota, toshe shi ake yi.

Yaya shi ne ɗan fari. Baba kuwa Bagobiri ne na asali, kunyar ɗan fari a wurinsa ba abin wasa ba ce. Ba ya kiran sunansa, ba ya kallon fuskarsa, ba sa zama a tabarma ɗaya. In Yaya ya durƙusa gaishe shi da safe, bangon zaure Baba yake amsa wa. Ni sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata, shi ya sa kuma nake faɗa masa abin da na ga dama ba a mare ni ba. To, da yake su biyun ba sa magana, gida kuma ba ya tafiya ba magana, sai na zama wayar gidan. Baba ya ce in ce wa wancan kaza, Yaya ya ce in gaya wa Baba kaza, ko da tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon taɓarya ba. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai, don ina ƙara gishiri. In Baba ya ce a ce wa wancan ya rage yawo, sai in je in ce Baba ya rantse zai ɗaure shi a turke tare da akuyar Inna. Yaya ya san halina, kullum sai ya zubar da rabi ya ɗauki rabi.

Yaya ya yi shekaru yana koyon kanikanci a wani gareji, ya kuma samu parmi, wato lasin tuƙi, amma aikin kansa bai samu ba. Sai abokansa suka fara tafiya arewa, can bayan Agadas, wurin haƙar zinariya. Ɗaya ya dawo da sabon babur da waya mai faɗin faranti. Wani ya dawo da tarin da bai bar shi ba. Wani kuma har yau uwarsa tana zuwa tasha tana tambayar direbobi ko sun gan shi. Yaya babur ɗin ya gani, mu kuwa uwar muka gani. Wata rana da yamma ya kira ni bayan ɗaki ya ce in gaya wa Baba yana neman izinin tafiya.

Na so in ƙi kai wannan saƙo. Na yi ta zagaye a tsakar gida, na wanke kwanon da aka riga aka wanke, daga baya dai na je. Baba yana cin tuwo. Na faɗa masa kamar yadda aka faɗa mini. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya wanke hannu, ya tafi masallaci alhali ba a kira salla ba. Kwanaki muka yi muna jiran amsa. Inna kuma, wadda ita ma ba ta kiran sunan Yaya, ta shiga yin miya yau ba gishiri gobe kamar an dafa ta a Bilma, garin gishiri. Babu wanda ya yi ƙorafi.

Da amsar ta zo, gajeriya ce. Baba ya kira ni zaure, yana kallon motar ta ƙofa.

"Uwata, ki ce ma wancan, in ya zamna, motar ga tashi ce. Ni na gaji da hanya."

Ban yarda ya gaji ba. Mutumin da ko ranar salla sai ya goge mata gilashi kafin ya sa hula, shi ne zai ce ya gaji? Amma abin da yake da shi ke nan a duniya, shi ya miƙa.

Na kai wa Yaya saƙon. Ya jira Baba ya tafi sallar la'asar, sannan ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar. Ya daɗe. Da ya fito ya ce ruwan da take ɗiga yanzu ba daga lagireto yake ba, daga famfon ruwa ne, abin da yake juya ruwa cikin inji don kada ya yi zafi. Ya ce wannan kuka ba ta isa wurin ba, ƙwai ma haka, ko da na jimina ne. In gaya wa Baba, da ladabi, famfon ya gaji, canza shi za a yi. In ta daina ɗiga, ya zauna. Na ce to ya yi mini bayanin abin dalla-dalla in kai, tunda Baba zai tambaya. Ya harare ni.

"Ni zan koya wa Baba mota? Ki faɗi abin da na ce kawai. Kuma kada ki ƙara ko ƙwayar gishiri."

Ban ƙara ba. Baba ya saurara, ya ce "To." Washegari ya kai kaya Tibiri, bai dawo da azahar ba kamar yadda ya saba, sai gab da magariba. Da gari ya waye ya ce in ce wa wancan ya dubi ƙasa.

Muka fita tare da Yaya. Ƙarƙashin motar a bushe ƙayau. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin wurin nan a bushe ba, har kajin maƙwabta da suka saba zuwa shan ruwa suka tsaya suna kallonmu kamar mun ci amanarsu. Yaya ya tsuguna ya dafa ƙasar da tafin hannu. Ya tambaye ni ko Baba ya ce an canza famfon. Na ce abin da ya ce shi na faɗa, a dubi ƙasa. Na ga tambayar tana bakinsa, amma babu hanyar da ɗa zai bi ya ce wa ubansa ya kawo hujja. Ya ɗauka an samo na hannu ne a Tibiri an ɗaura. Ni ma haka na ɗauka. Da hantsi Baba ya ba ni makulli, na taka ɗan takin da ke tsakaninsu na sa wa Yaya a hannu.

Lokacin da ya biyo baya shi ne mafi daɗi da na sani a gidanmu. Abokan Yaya suka tafi, shi yana Jiratawa yana ɗaura buhunan zogale. Miyar Inna ta dawo hayyacinta. Har waƙa na kama ta tana yi a bakin murhu, da ta gan ni ta ce tari ne. Baba ya koma zaman zaure da rediyo a kunne, amma ni na san ba labaran duniya yake ji ba, hanya yake saurara. Tun motar tana can bakin kasuwa zai gane kukanta, sai ya gyara zama ya ƙara murya a rediyon, don kada a ce jira yake. Da yamma ya tambaye ni a fakaice ko wancan yana rage gudu a wurin ramukan nan na hanyar Jiratawa. In ce masa Yaya yana lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai a ka, har masu keke suna wuce mu suna yi mana sannu. Sai ya ce ƙarya nake, yana murmushi.

Aiki ɗaya ne Baba bai saki ba. Kullum bayan sallar asuba shi yake ɗaga murfin inji, ya duba ruwa, ya ƙara in da buƙata, ya rufe. Yaya yana gefe yana goge taya da babu abin da ya same ta. In uba ya rufe murfi, ɗa ya zo ya sake ɗagawa, ai ya ce masa bai iya ba ke nan. Saboda haka Yaya, bakanike guda, ya yi ta tuƙa motar da bai leƙa cikinta da kyau ba.

Da aka yi hutun lakwal na maƙale masa. Ina zama gaba, hannu a taga, kamar Hajiyar da ta sayi motar. Matan da ke sayen zogale a Jiratawa sun san Baba tun suna 'yan mata, sai suka mayar da Yaya abin tsokana. Suna kiransa angon tsohuwa. Wata mai ƙiba, wadda in ta hau baya gaban motar yakan ɗaga ya gaishe da sama, kullum sai ta yi masa tayin 'yarta, ta ce sadakin shi ne ya riƙa ɗaukar mata kaya kyauta har abada. Yaya ya sunkuyar da kai yana dariya. A gida ba na ganin haƙoransa haka.

Sai wani ƙara ya fara fitowa daga gaban injin. Da farko siriri ne kamar kukan gyare, a cikin sauran kukan motar sai mai kunne zai ji. Daga baya ya koma kamar ana niƙa tsakuwa. Yaya ya ce in tambayi Baba a wane gareji aka yi aikin famfon, ko zai koma musu. Baba ya ce in ce masa aikin direba tuƙi ne. Yaya bai sake aiko ni ba. Ya dai gaya mini a hanya cewa da zarar kasuwar Tibiri ta wuce zai kai ta wurin maigidansa na gareji a ɓoye, su kwance su gani, Baba ba zai sani ba. Ba zai iya barin matan nan da kayansu a ƙasa ranar kasuwa ba, ga shi zogale ba ya jiran kowa.

Ranar kasuwar bazara ce sosai, irin zafin da ƙadangare ma yake neman inuwa. Muka yi lodi a Jiratawa, buhu kan buhu, mata a sama. Muka ratsa Maraɗi, muka kama hanyar Tibiri. Akwai wata allura a gaban direba da ya kamata ta nuna zafin inji, amma tamu ta rasu tun kafin a haife ni, kullum sanyi take nunawa, ko da a cikin murhu aka sa motar. Ina cikin ba Yaya labarin wata malamarmu sai na ga ya daina saurarona, yana shaƙar iska. Ni ma na ji, wari kamar an manta tukunya a wuta. Ya fara neman inda zai sauka daga kwalta. Kafin ya samu, motar ta yi sanyin jiki, wani abu ya buga a ciki, tururi ya taso ta gefen murfi har ya rufe mana gilashi. Da sauran gudun da ya rage mata ya gangara da ita ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Ta tsaya, ba ta sake motsi ba.

Matan suka sauko suna salati. Mai ƙibar nan ta ce ai tun fitowarmu daga gari suke ganin ruwa yana bin mu a kan kwalta kamar an ja igiya. Yaya ya tambaye ta me ya hana su buga masa rufi. Ta ce ɗan nan, shekara nawa muna hawan motar nan tana zubar da ruwa, mun ɗauka halinta ne ya dawo. Suka tsayar da 'yan kabu-kabu, kowace ta ɗora abin da za ta iya, suka yi gaba. Wata ta tafi tana mita, mai ƙibar kuwa sai da ta dafa kafaɗar Yaya ta ce Allah ya sa iyakarta ke nan. Sauran buhunan muka sauke a inuwa, zogalen yana ta yin laushi muna kallo.

Sai da injin ya huce Yaya ya ɗaga murfi. Ya zaro sandar duba mai, ya ga man ya koma kamar shayi da madara. Ban san mota ba, amma na san fuskar Yaya, ban tambaya ba. Ya ɗauko jakar kayan aikinsa ya shiga kwancewa. Igiyar robar da ke juya famfon ta yi tsalle ta fita, famfon kansa kuma yana lilo a wurinsa kamar haƙorin tsohuwa. Da ya ciro shi ya juya cikinsa sama, ya goge da tsumma, sai ya tsaya. Ya daɗe a haka har na matso.

A ƙarƙashin famfon akwai wani ɗan rami da bai fi kan ashana ba. An cusa masa tsinke, an naɗe da auduga, an zuba gam, an goge bakin ya yi sumul, sannan an shafe da baƙin mai don ya saje da sauran ƙarfen.

"Kin ga wannan ramin?" in ji Yaya. "Ba tsatsa ce ta ci shi ba. Da shi ake ƙera famfon."

Ya yi mini bayani a hankali, yana nunawa da ɗan yatsa, kamar ni ce zan ɗaura wani. A cikin famfon akwai wata roba da take tsare ruwa kada ya kai ga boris, ƙwallayen ƙarfen da sandar famfon take juyawa a kansu. In robar ta gaji, ko yashi ya cinye ta, ruwan da ya kuɓuce ta wannan ramin yake fita ya ɗiga ƙasa. An yi shi ne don ruwan kada ya taɓa boris, don kuma mai mota ya gani ya san lokacin canji ya yi. Da aka toshe, ruwan bai daina kuɓucewa ba, hanya kawai ya sauya. Ya shiga boris ya wanke man da ke ciki, tsatsa ta kama, yau kuma komai ya wargaje lokaci ɗaya, ruwan injin duka ya tsiyaye a hanya.

Na ce ashe Baba ne ya kashe ta.

"Kada in ƙara jin wannan a bakinki."

Bai ɗaga murya ba, amma bai taɓa yi mini magana haka ba. Ya ci gaba da kallon abin, yana shafa wurin da babban yatsa. Can ya ce, kamar da kansa yake, in duba yadda aka yi aikin da kyau, ko shi ba zai iya liƙe shi haka ba. Wato ranar da Baba ya daɗe a Tibiri, a ƙarƙashin motar ya wuni, da tsufansa da ciwon bayansa, yana neman inda ruwa yake fita. Ya ga rami, ya yi abin da ya sani. Yaya ya sa ƙusa ya ƙwaƙule tsinken da audugar, ya wurga su cikin gona.

Wani direba da ya san Baba ne ya ja mu da igiya zuwa Maraɗi bayan la'asar. Muka shigo Sabon Gari yara suna bin mu. Baba yana zaure da rediyonsa. Bai ji zuwanmu ba, domin ba ta yi kukan da zai ji ba, sai dai ya ɗaga kai ya gan ta a ƙofar gida, a ɗaure a bayan motar wani. Ya miƙe tsaye, sannan ya koma ya zauna.

Yaya ya kwance igiya, ya yi wa direban godiya, ya ce in gaya wa Baba inji ne ya tsufa, kwanansa ne ya ƙare, ba laifin kowa. Na faɗa. Baba ya gyaɗa kai. Sai da Yaya ya shige cikin gida sannan Baba ya kashe rediyon.

"Uwata. Ya kwance famfon?"

"Ya kwance, Baba."

Na ɗauka ya sallame ni, na juya zan tafi, sai ya sake tambaya.

"Mi ya ce?"

"Ya ce an yi aikin da kyau."

Baba ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce in je in taya Inna aiki. Da na waiwaya daga bakin ƙofa yana nan yadda na bar shi, yana kallon hular.

Yaya bai saki motar nan da wuri ba. Shi da abokan aikinsa suka tura ta gareji, suka buɗe injin. Maigidansa ya ce zafin ya lanƙwasa kan injin ya kuma tsaga shi, gyara ba zai riƙe ba, sai dai a nemo wani injin ɗungurungum. Irin nata kuwa an daɗe da daina ganinsa. Aka tambaya a Katsina, aka tambaya a Kano, kowa ya ce zai duba. Yaya kullum ya fita da safe ya dawo da baƙin mai har gwiwar hannu, ba labari. Matan Jiratawa suka koma wa wata mota, don dole. Baba kuma, da ya ga gida yana neman tsayawa, ya je wurin wani Alhaji mai fataucin hatsi ya karɓi tuƙin motarsa. Mutumin da ya yi shekaru ba mai ce masa tashi, yanzu wani yaron kanti da bai kai Yaya ba ne yake gaya masa inda za shi. Wata rana muna tsaye da Yaya a bakin titi Baba ya wuce mu, yaron yana zaune gaba yana nuna masa hanya da baki. Baba bai gan mu ba, ko kuma ya yi kamar bai gan mu ba.

A makon ne Yaya ya sake neman izinin tafiya. Wannan karon ya zo da kansa ya durƙusa a bakin zaure, ni kuma ya sa ni a tsakiya in faɗa. Na faɗa. Baba ba shi da sauran abin miƙawa. Ya ce wa bango in ce wa wancan Allah ya tsare, ya riƙe salla.

Ban juya na maimaita ba. Na tsaya a inda nake.

"Baba, ga shi nan a gabanka. Ka ce masa ya zauna. Kai ka faɗa masa da bakinka, ni na gaji."

Inna tana bayan ƙofa, na ji ta daina shara. Baba ya juyo da kansa kaɗan, bai kai ga Yaya ba, ya tsaya a wajen ƙafafunsa. Leɓɓansa suka motsa. Na rantse da ya samu ɗan lokaci kaɗan da ya faɗa, ko kuma ni ce nake so in yarda da haka. Amma Yaya ya ga halin da yake ciki, bai iya jure kallon ubansa a haka ba. Ya ce amin, na gode, ya tashi ya fita. Ba wanda ya yi mini faɗa a kan abin da na yi, har yau. Da an yi mini da ya fi mini sauƙi.

Da ranar tafiya ta zo, da hantsi Yaya ya tafi. Baba ya riga ya fita aikin Alhaji. Inna ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli da garin fura da busasshen zogale a leda, ta miƙo mini in ba shi, ta koma ɗaki. Ni kaɗai na raka shi. Ba motar fasinja ya shiga ba, wata babbar motar hatsi ce mai zuwa Agadas, yaron motar kuwa abokinsa ne. A hanya na yi ta zuba. Na ce in ya samu zinariya kada ya kawo mini 'yan kunne, ya kawo mini haƙora, duka, in na yi dariya a lakwal sai an rufe ido. Na ce ya sayo wa Inna tukunyar da take sa gishiri da kanta. Ya yi dariya sosai, har ya dafa kaina ya ce Allah ya shirye ni. Ya ce in kula da su, in kuma rage ƙarya. Na ce ɗaya zan iya.

Gaban motar ya cika da mutanen mai kaya. Yaya ya taka taya ya haye can saman buhuna, shi da wasu samari, rana tana dukansu tun ba a tashi ba. Ya ɗaure jarkar ruwansa a jikin ƙarfe, ya naɗa rawani ya rufe fuska, sai na kasa bambanta shi da sauran. Na ɗaga wa dukansu hannu har motar ta sha kwana.

Na dawo gida a ƙasa, ban hau kabu-kabu ba. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba, ta tambaye ni ko yaron ya samu wurin zama mai kyau. Na ce mata a gaba aka sa shi, kusa da direba, kujera mai laushi kamar ta gidan Alhaji, ga iska mai sanyi tana busowa har sai da ya nemi bargo.

Ta ce to madalla. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, na zauna kusa da ita na ja tiren gabana muka tsince tare.